An sallama mana gida a Manchesta, amma lauya ya ce har yanzu ba namu ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchesta. Ni da maigidana mun taya wani gida fam 260,000, dillali ya kira ya ce mai gidan ya sallama. Yau mako shida ke nan, lauyanmu kullum sai neman takardu: ina kuɗin suka fito, wa ya turo, ko muna da gida a wata ƙasa. Wani ɓangare na kuɗin adashe ne, wani kuma yayana ya turo daga Kano, sauran bashin banki. Ina kuma da kaso a gidan gadonmu na Kano. Na so in ba mai gidan hayarmu notis, lauyan ya ce in dakata. Me yake yi ne har yanzu? Kuma mai gidan zai iya fasawa bayan ya sallama?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da ta ƙarshe don ita ce mai zafi. E, zai iya fasawa, gobe ma idan ya ga dama, kuma ba kotun da za ta kama shi. Ku ma haka, za ku iya janyewa ba wanda zai ce muku kanzil. Lauyanku ya yi daidai da ya hana ki ba da notis.

Na san abin da ya sa wannan ke ba mutanenmu mamaki, don ni ma da na fara aikin cinikin gidaje a nan sai da kaina ya ɗaure. A gida, idan mai kaya ya ce “na sallama” a gaban shaidu, aka ajiye kafin alƙalami, aka yi fatiha, to magana ta ƙare. Wanda ya dawo daga baya ya ce ya fasa, kunyar unguwa ma ta ishe shi kafin a kai ga alƙali. A Ingila da Wels kuwa, sashe na 2 na wata dokar dukiya ta 1989 ya ce cinikin ƙasa ko gida ba ya ɗauruwa sai an rubuta shi, an zuba dukkan sharuɗɗan a takarda, kowane ɓangare ya sa hannu. A aikace, hakan na faruwa ne ranar da lauyoyin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya. Kafin wannan rana, sallamawar da dillali ya faɗa muku alkawarin baka ne kawai. Idan wani ya zo ya ɗora fam dubu biyar a kan tayinku, mai gidan yana iya juya muku baya. Har suna abin yake da shi a nan, gazamfin, kuma duk abin da kuka kashe a bincike da kuɗin safiyo ya bi ruwa. Tsarin Sikotland dabam ne, can ciniki yana ɗauruwa da wuri, amma ba shi ya shafe ku ba.

To tunda ranar musayar nan ita ce ƙofar da ba a komowa, duk wani aiki mai nauyi na lauya kafin ta ake yin sa. Abin da kike gani kamar jan ƙafa, yawancinsa wannan ne.

Lauyan mai sayarwa ne yake fara turo daftarin yarjejeniya, tare da kwafin rajistar gidan daga Ofishin Rajistar Filaye, wanda aka kafa tun 1862. Rajistar tana da sassa uku: bayanin gidan da iyakarsa, sunan mai shi, sai nauye-nauyen da ke kansa, kamar bashin banki da sharuɗɗan da wani tsohon mai fili ya gindaya. Sashe na ukun nan ne yake cin lokaci. Za ki tarar da sharaɗin da aka rubuta shekara ɗari da wani abu da suka wuce, wai kada a yi kasuwanci a gidan, ko kada a ƙara gini sai da izinin wane, kuma har yau yana iya aiki a kanku. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci na bi ta bayan gida ya fitar da shara. Sai takardu biyu da mai gidan yake cikewa da kansa: TA6, inda yake faɗin ko ya taɓa rikici da maƙwabta, ko ruwa ya taɓa cin gidan, ko ya yi gyare-gyare, da TA10, inda yake lissafa abin da zai bari da abin da zai kwashe, har labule da firiji. Kada ki raina ta biyun. Na ga faɗan da aka yi a kan rumfar ajiye kaya ta lambu wanda ya fi na gidan kansa ɗaci.

Tunda Manchesta kika ce, ki tambayi lauyanku abu ɗaya yau: gidan firihol ne ko lishol? Firihol mallaka ce ta dindindin, gini da ƙasar da yake kai. Lishol mallaka ce ta wa'adi, ƙasar ta wani ce, ana biyan sa kuɗin ƙasa duk shekara. A yawancin Ingila fulat ne ake sayarwa lishol, amma a yankinku na arewa maso yamma akwai tsofaffin gidaje jere da yawa da suke kan wa'adin shekara 999 da ɗan kuɗin ƙasa kaɗan. Irin wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda ya saba da takardar mallaka ta gwamna a Najeriya, mai shekara 99 a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ba zai ji abin baƙo ba. Inda ake taka-tsantsan shi ne idan ragowar wa'adin ya kusa shekara 80 ko ya gaza haka, don tsawaita shi yana tsada kuma bankuna suna ja da baya. Lishol yana kuma ƙara makonni, saboda sai an jira bayanai daga mai ƙasar ko kamfanin da ke kula da ginin, su kuwa ba sa sauri don ba cinikinsu ba ne.

Daga nan sai bincike a ofisoshi. Ana tambayar kansul, wato ƙaramar hukumar yankin, ko akwai shirin hanya da zai ratsa wurin, ko titin ƙofar gidan gwamnati ce ke gyara shi, ko ɗakin da aka ƙara a baya ko a saman rufi ya samu izinin gini. Ana tambayar kamfanin ruwa ko babban bututun ƙazanta ya bi ta ƙarƙashin filin. Ana duba tarihin ambaliya da gurɓatar ƙasa. A wajenku kuma akwai binciken kwal, domin garuruwa irin su Wigan da Bolton da Oldham a kan tsofaffin ramukan haƙar kwal suke zaune, kuma ƙasa takan zauna ta tsaga bango. Wata kansul tana amsawa cikin kwanaki, wata sai ta ɗauki makonni, lauya ba shi da yadda zai yi da ita. Idan amsoshin suka dawo, sai ya jera wa lauyan mai sayarwa tambayoyi, a yi ta kai da komo har ya gamsu.

Ga abin da mutane ba sa lura: lauyanku ba zai taɓa taka ƙafarsa gidan nan ba. Takarda yake karantawa. A fiƙihunmu, wanda ya sayi kaya ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da damar mayarwa. A nan ƙa'idar ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Idan kun shiga kuka tarar rufi yana yoyo ko danshi ya ci bango, naku ne. Sai dai idan mai gidan ya shara ƙarya a TA6, nan kuna iya ƙararsa, amma shari'a ce mai cin kuɗi da rai. Kimantawar da banki ya aiko aka yi ba don ku aka yi ta ba, banki ne yake tabbatar gidan zai iya biyan bashinsa. Ku ɗauki safiyo naku mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyo, ya duba lafiyar ginin: bincike mataki na 2 ga gida na yau da kullum, mataki na 3 ga tsohon gini. Idan ya gano gyara mai tsada, yanzu ne kuke da bakin neman ragi, tunda ku ma ba a ɗaure ku ba tukuna.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na tabbata ita ce ta fi ɓata miki rai. Ba don ke baƙa ba ce, ba kuma don ya ɗauke ki ɓarauniya ba. Dokar dukiyar haram ta 2002 da ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram na 2017 sun ɗora wa kowane lauyan cinikin gida nauyin sanin asalin kuɗin da ya shigo asusunsa. Idan ya yi sakaci, lasisinsa ne a kan layi, har ɗauri yana iya sha. Idan ya yi zargi dole ya kai rahoto, kuma doka ta hana shi sanar da ku ya kai. An kuma saka Najeriya a jerin ƙasashen da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ke sa wa ido daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025, kuma ko da aka cire ta, ofisoshi da yawa ba su sassauta hannu ba.

Matsalarmu ita ce hanyoyinmu na halal ne amma ba su barin sawu. Adashe amana ce tsakanin mutanen da suka san juna, uwar adashe ta tattara ta miƙa. Lauya kuwa abin da yake gani a takardar banki shi ne mutum takwas da bai san su ba sun turo kuɗi rana ɗaya, ko mafi muni, an zuba tsabar kuɗi a asusu. Abin da ke warware wannan shi ne ki nuna zubin da kike yi duk wata yana fita daga albashinki, ki kawo jerin 'yan adashen da ranar kwasar kowa, da wasiƙar uwar adashe. Idan kwasarki ta zo da wuri, akwai sauran zubi a kanki, ki faɗa, don banki zai iya lissafa shi a matsayin nauyin da kike biya duk wata.

Na yayanki ya fi wannan wuya. Za a nemi fasfonsa, da takardun bankinsa na watanni, da shaidar inda shi ya samo, ko cinikin kasuwa ne ko fili ya sayar. Idan ta hannun 'yan canji kuɗin suka biyo, ya ba da naira a Wapa wani da ba ki sani ba ya turo miki fam daga Landan, to igiyar ta tsinke a tsakiya, kuma akwai lauyoyin da ba za su karɓi kuɗin ba sam. Na taɓa ganin cinikin da ya rushe saura kwana kaɗan musaya a kan wannan kaɗai, mutanen kirki, kuɗinsu na gumi. Gara ki faɗa masa gaskiyar hanyar yau ya gaya miki abin da zai iya karɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Yaya zai kuma sa hannu a wasiƙar da ke cewa kyauta ce, ba rance ba, kuma ba shi da kaso a gidan. Idan a zuciyarku rance ne za ku mayar, kada a rubuta kyauta. Lauyan nan da kuke biya, a mafi yawan lokuta shi ne kuma lauyan bankin a wannan ciniki, kuma wajibi ne ya sanar da banki duk abin da ya shafi asalin kuɗin. Ɓoye wa banki rance zamba ce a doka.

Tambayar gida a wata ƙasa kuwa ta haraji ce, kuma nan ne gadonki ya shigo. Bisa farashin da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2025, harajin sayen gida a Ingila babu shi a kan fam 125,000 na farko, kashi 2 cikin ɗari ne daga nan zuwa 250,000, kashi 5 daga nan zuwa 925,000. Gidanku na 260,000 zai ci fam 3,000 ke nan. Masu sayen gidan farko ba sa biyan komai har zuwa 300,000. Sai dai “gidan farko” a wajen hukumar haraji ta HMRC yana nufin ba ka taɓa mallakar gidan zama a ko'ina a duniya ba, ko saye, ko kyauta, ko gado, ko kai kaɗai ko da wasu. Kuma idan mutum biyu ne ke saye, sai dukansu sun cika sharaɗin. Kason da kike da shi a gidan Kano yana iya raba ku da wannan rangwame.

Akwai na biyu mai nauyi. Wanda ya riga ya mallaki gida ya ƙara wani yana biyan ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan dukkan farashin, tun 31 ga Oktoban 2024. A naku, 13,000 a kan 3,000, fam 16,000 ke nan. Miji da mata kuma abu ɗaya ake ɗaukarsu a wannan lissafi. Abin da zai iya cetonki shi ne ƙarin ba ya hawa idan darajar abin da kika mallaka ba ta kai fam 40,000 ba, kuma kason mace ɗaya a gidan gado mai magada da yawa, idan aka juya shi daga naira, da wuya ya kai haka. Haka nan ana kau da kai daga kason gado da bai wuce rabi ba idan ba a fi shekara uku da gadonsa ba. Filin da ba a gina ba shi ma ba gidan zama ba ne. Ki samo kimar gidan a rubuce daga mai kimanta gidaje a Kano, da takardar rabon gado idan kotu ta raba. Na san wani zai ce miki wa zai sani. Ku ne za ku amince da takardar harajin da sunanku, kuma idan ta fito daga baya, haraji da ruwa da tara duk a wuyanku.

Kafin musaya zai tambaye ku yadda za a rubuta mallakar tsakaninki da maigida, kuma mutane kan amsa wannan a tsaye alhali ta cancanci zama. Hanya ta farko, ku mallaki gidan a dunƙule: idan ɗaya ya rasu, gidan gaba ɗaya ya koma ga wanda ya rage, wasiyya ba ta taɓa shi, iyaye da 'ya'ya ba su da kaso. Hanya ta biyu, kowa da rabonsa sananne, rabi da rabi ko gwargwadon abin da ya zuba, kuma rabon mamaci yana shiga dukiyar da ya bari. Wanda yake son a raba gadonsa bisa shari'a, ta biyun ce tasa, tare da rubutacciyar wasiyya, don idan babu wasiyya dokar Ingila ce za ta raba. Tunda kuɗin yayanki da adashenki ne suka shiga, ki sa a rubuta rabon kowa. Ba rashin yarda da miji ba ne.

Idan ta bankin Musulunci kuka bi, irin su Gatehouse Bank, tsarin ya ɗan bambanta. Banki ne yake sayen gidan tare da ku, kuna biyan haya a kan kasonsa kuna saye a hankali, kuma yawanci yana da nasa lauyan dabam, abin da ke ƙara kuɗi da kwanaki. Tun 2003 aka fara gyara doka don kada a biya harajin sau biyu a irin wannan ciniki.

Ranar musaya kanta ba wani biki. Kun riga kun sa hannu a kwafinku, mai gida ya sa a nasa, lauyoyin su yi waya, su karanta wa juna, su rubuta lokaci da ranar kammalawa, wato ranar da za a biya cikon kuɗi a karɓi makulli. A nan ake ba da kafin alƙalami na gaske, kashi 10 cikin ɗari bisa al'ada, ko da yake ana iya daidaitawa a kan ƙasa da haka. Daga wannan minti, idan kuka kasa cikawa za a ba ku wa'adin kwana 10 na aiki, idan ya wuce kun rasa kashi goman nan, fam 26,000 a naku, ko da abin da kuka ajiye bai kai haka ba za a bi ku cikon. Bisa sharuɗɗan da aka saba amfani da su, hatsarin gidan ma ya dawo kanku tun ranar, don haka inshorar gini daga ranar musaya take farawa, ba ranar tarewa ba. Idan mai gidan shi ma wani gidan yake saye, wancan ma haka, to sarƙa ce, kuma kowa sai ya shirya kafin kowa ya motsa. A abin da na saba gani, wata uku zuwa huɗu daga sallamawa zuwa makulli ba abin mamaki ba ne, don haka mako shidanku bai nuna akwai matsala ba. Ki dai duba ranar da tayin bashin bankinku zai ƙare, yawanci wata shida ne.

Bayan musaya ne za ki ba da notis. Ki duba wa'adin da ke cikin takardar hayarku, ki nemi a sa ranar kammalawa ta yi kusa da shi. Biyan haya da bashin banki tare na mako biyu ya fi sauƙi a kan zama a otal da yara da kaya.

Ranar kammalawa, banki ya turo nasa, lauyanku ya haɗa da naku ya aika ta CHAPS, hanyar banki da kuɗi ke isa a ranar, yawanci kafin ƙarfe 2 na rana, lauyan mai gida ya tabbatar sun shiga, dillali ya miƙa makulli. Ki kiyayi kwanakin da za ki tura naku kuɗin. 'Yan damfara suna kutsawa cikin imel, su aiko saƙo da tambarin ofishin lauya cewa an canja lambar asusu. Ofishin lauya ba ya canja asusu ta imel. Ki kira lambar wayar da ke kan wasiƙarsu ta farko, a karanta miki lambar asusun da baki, ki fara tura ɗan kaɗan su tabbatar ya shiga. Ki kuma duba sunan ofishin a rajistar SRA ko ta CLC, hukumomin da ke kula da masu wannan aiki.

Kun karɓi makulli, amma tsugune ba ta ƙare ba. Lauya yana da kwana 14 ya shigar da takardar haraji ya biya, sannan ya aika takardar miƙa mallaka ta TR1 a sa sunanku a rajista. Tun kafin kammalawa zai yi wani bincike na ƙarshe da ke kulle rajistar na kwana 30 na aiki don kada wani ya riga ku shiga, kuma muddin ya shigar da takardunku cikin wa'adin, kuna da kariya ko da Ofishin Rajistar Filaye ya ɗauki watanni bai gama ba. Idan sabuwar rajistar ta fito, ki karanta sunayenku harafi bayan harafi, ki gwada da fasfo. Muhammad da Mohammed, A'isha da Aishat, mutum ɗaya ne a wajenmu, amma ranar da za ku sayar sai an nemi hujja. Ofishin yana kuma da wani tsari na kyauta da ke turo imel duk lokacin da wani ya nemi taɓa rajistar gidan, ki yi rajista da shi kafin ku tafi gida hutun ƙarshen shekara.